Taku Biyu Kafin Ruwa

Ubana mahaƙin rijiya ne.
Da dagi da igiya da kwando ya ciyar da mu.
Ni kuwa katafila nake tuƙawa
a ramin Alhaji Barau, bayan Kujama,
muna yanka tudu muna loda wa tifa
tsakuwar da za ta zama bene a Barnawa.

Shi yakan yi kwana bakwai yana neman ruwa.
Ni gudunsa nake yi.

Ran Talata da hantsi
haƙoran katafila suka fito da laima.
Tsakuwar ta yi duhu kamar hanta,
ƙamshin nan ya shigo ta fasasshen gilashi,
wanda ke bin rigar ubana
in ya hauro daga rami da la'asar.
Na kashe inji.

Dogara mai kula da aiki ya taho yana yarfa hannu:
"Tifa goma sha ɗaya a layi, Tanimu, lafiya?"
Na ce saura taku biyu mu yanke jijiyar ƙasa.
Ya ce ai ta can ƙasan ta fi tsada, wankakkiya ce.
Na ce wa ya wanke ta?
Ruwan da Inna Ladingo ke ja da asuba,
mu muke tsaye a kan murfinsa.
In mun buɗe, duk abin da ya ɗiga nan
gobe yana cikin tulunta,
jibi yana cikin kunun jikanta.

Bai ce komai ba. Ya dubi gindin ɗorawa
inda Jatau makanike ke juye baƙin mai.
Ruwan daren jiya ya kwanta a wurin,
bakan gizo na yawo a kansa,
kyakkyawa, kamar ba guba ba.
Daga nan gangare ne har rafi,
rafin da muka kama tarwaɗa muna yara,
wanda bara ya koma kalar koko
har shanun Arɗo suka sunsuna suka juya,
tumatirin fadama ya sha laka ya kwanta.

An ce ruwa ba ya tsami banza.
Mu ne banzar.

Kwana uku ba a loda ko shebur ba.
Na ja tudun ƙasa na kewaye ramin
don ambaliya ta bi gefe ta wuce.
Na haƙa kududdufi biyu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya,
ruwan wanki ya zauna, laka ta kwanta,
kafin a sake shi ya gaida rafi.
Jatau ya samo duro, ya dafe ƙasa da siminti,
yana mita: "Yau mai ma ya samu ɗaki, ni ina haya."
A bangon ramin na shafa jan fenti.
Nan ne iyaka. Ƙasa da nan ba namu ba ne.

Alhaji ya zo ran Juma'a da carbi da lissafi.
Ya daɗe yana kallon jan layin.
Bai gode ba, bai kore ni ba.
Ya cire kwana ukun daga albashina.

Ban ce rafin ya warke ba.
Akwai wani ramin can gaba da namu,
ban san mai tuƙa katafilarsu ba,
ban san ko ɗan wa ne ba.

Da magariba na biya ta gidan Inna.
Rijiyar ubana ce, gaba tara,
har yanzu matakan ƙafarsa na jikin bango.
Na saki guga, na ji faɗuwarsa can ƙasa.
Na ɗaga ruwan saitin fitila, na duba,
na sunsuna kamar saniyar Arɗo.

Sannan na sha.